Waiwaye: Audugar da Ta Riga Mu Zuwa Manchester

Mu da aka haifa a ƙarshen zamanin Turawa ko farkon mulkin kai, muka yi makarantar kwana, muka yi jami'a, daga bisani rabo ya kawo mu ƙasashen sanyi, muna da wata hira da ba ma gajiya da ita. Ko wajen suna muka haɗu, ko walimar aure, da an natsa sai a koma kanta: irin wuyar da muka sha kafin mu kai inda muka kai. Wannan ya ce da aci-balbal ya yi karatun jarrabawa, wancan ya ce ƙafarsa ba ta san takalmi ba sai da ya shiga sakandare. Babu mai ƙari a cikinmu, duk haka aka yi. Sai dai rabin labarin ke nan. Ɗaya rabin, wanda ba kasafai yake zuwa bakinmu ba, na mutanen da suka goya mu ne, suka ciyar da mu, suka biya mana kuɗin karatu, alhali yawancinsu ko sunanmu ba su sani ba, mu ma ba mu san nasu ba. An ce waiwaye adon tafiya. Yau bari mu waiwaya wajensu.

A Funtuwa na tashi, kuma duk wanda ya san Funtuwa ta wancan zamani ya san garin auduga ne. Tun 1902 masu masaƙun Ingila suka kafa ƙungiyar BCGA a birnin Manchester don neman ƙasashen da za su riƙa noma musu auduga. Ita ta kafa injinan gurza a Zariya da Funtuwa da Gusau da Malumfashi. Layin dogon da ya tashi daga Zariya ya ratsa garinmu ya isa Ƙauran Namoda a 1929, saboda gyaɗa da auduga aka shimfiɗa shi. Daga gidan gurza a ɗaure diloli, a loda wa jirgin ƙasa zuwa Legas, a zuba a jirgin ruwa zuwa Liverpool, daga can a rarraba wa masaƙun Manchester da garuruwan da ke kewaye da ita.

Wanda ya ga kasuwar auduga da hunturu ba ya mantawa. Tun jijjifi jakuna ke shigowa a jere daga ƙauyuka, kaya ya rinjayi kowanne, masu su a baya sun ƙudundune cikin gwado, ƙafafu furu-furu da kaushi. Iska na ɗibar farin ɓurɓushi tana mannawa a darni da ƙaya da gemun mutane. Manomi zai kwance ƙunshinsa a gaban malamin duba, shi kuma ya tura hannu can ƙasa ya damƙo, ya baza a tafinsa yana neman ganye ko tsakuwa ko wadda tsutsa ta ɓata, sannan ya yanke: lamba ɗaya ko lamba biyu. A ɗora a sikeli, a rubuta, a ƙirga masa kuɗinsa. Babu tayi, babu "albarka", domin tun daga Kaduna aka yanke farashi kafin a buɗe kasuwa. Na sha ganin dattijo ya karɓi kuɗinsa, ya koma gefe ya tsuguna, ya ware na haraji ya cusa a lalita, sannan ya daɗe yana kallon abin da ya rage.

Muna yara ba mu san inda sauran kuɗin ke tafiya ba. Sai da muka girma muka fahimci cewa tun 1949 hukuma guda ce ke da ikon sayen audugar da za a fitar waje, kuma a 1954 wannan iko ya koma hannun gwamnatin Jihar Arewa. Hukumar kan saya a farashin da bai kai na kasuwar duniya ba, ta adana rarar, da hujjar za a tallafa wa manomi da ita ranar da kasuwa ta faɗi. Kaso mai tsoka na rarar nan ayyukan raya Arewa ya shiga: hanyoyi, makarantu, masana'antu irin masaƙar Kaduna da aka buɗe a 1957. Ga kuma haraji a kan kowane baligi, ga jangali a kan kowace saniya. Mun san lokacin haraji: mai unguwa na bi gida-gida, wani ya sayar da akuyar matarsa, wani ya tafi ci-rani ba shiri. Sai da Balarabe Musa da Abubakar Rimi suka hau mulkin tsofaffin jihohin Kaduna da Kano a 1979 aka soke haraji da jangali a wajenmu. Kafin nan kuwa mu mun riga mun gama cin moriyarsu.

Mu tuna abin da aka ba mu. Ranar da yaro ya isa makarantar kwana ta gwamnati da akwatin ƙarfensa, akan miƙa masa kayan makaranta ɗinkakku, da bargo, da littattafai, da sabulun wanka da na wanki. Abinci sau uku. Idan hutu ya zo a ba shi kuɗin mota. Ga malamai daga Ingila da Indiya da Pakistan da kudancin Najeriya, ga ɗakin gwaje-gwaje da kayansa. Ko a shekarun 1972 zuwa 1974, da fari ya cinye dabbobi, ya koro mutane daga Nijar da ƙauyukan iyaka suna neman abin sawa a baka, ƙararrawar ɗakin cin abincinmu ba ta fasa kaɗawa ba. Iyayen yau, masu sayar da fili don biyan kuɗin zango ɗaya a makarantar kuɗi, idan muka ba su wannan labari sai su ɗauka tatsuniya ce.

Gaskiya ne 'ya'yan talakawa da yawa sun shiga ta wannan ƙofa, wasu ma kamo su aka yi iyayensu na kuka, kuma a cikinsu aka sami manyan likitoci da alƙalai. Amma ƙofar ƙarama ce, kuma na kusa da ita sun fi saurin shiga. Mahaifina malamin gona ne na En'e, cikin aikinsa har da raba wa manoma angurya kafin shuka. Kekensa ɗaya, ɗakunanmu na ƙasa. Amma duk ƙarshen wata akwai albashi, akwai rediyo a zaure, ana karanta Gaskiya Ta Fi Kwabo a gidan, kuma ya san watan da ake rubuta jarrabawar shiga sakandare, ya san wanda zai tambaya idan suna bai fito ba. Gata ke nan. Yaron da muke zama benci ɗaya a firamare, wanda ya fi ni lissafi nesa ba kusa ba, ranar jarrabawar yana gona, don babu wanda ya gaya wa ubansa muhimmancin ranar. 'Yan'uwanmu mata kuwa, ko a gidajen ma'aikata, ƙalilan ne suka wuce aji bakwai.

A cikin gida ma akwai masu goyon. Akwai yarinyar da aka kawo daga ƙauye ta yi rainonmu, ita kanta ba ta wuce a yi rainonta ba. Akwai mai ga-ruwa da ke cika randuna kafin mu tashi. Akwai almajirin gidanmu, wanda malaminsa ya zo da shi daga wajen Maraɗi, muka yi ta kiransa da sunan garinsu har sunansa na yanka ya ɓace mana. Shi ke share tsakar gida, shi ke kai niƙa, shi ke wanke mini farin kayan makaranta, ya sa bula, ya goge da dutsen guga na gawayi, ya ninke ya ɗora a kan akwatina. Inna ba ta taɓa wulaƙanta shi ba. Tuwonsa da ɗumi take zuba masa, da Sallah tare ake yanka mana yadi, shi ma "Inna" yake ce mata. Da daddare idan yana tilawa a bakin zaure, mu masu taƙama da boko ba ma iya bin sa. Duk da haka kowa a gidan ya san, ba tare da an faɗa ba, cewa hanyata daban, tasa daban.

Abin da ya fi damuna shi ne wannan tsari bai tsufa ba. Shiga gidajenmu na Abuja da Kaduna da Kano yau, za ka tarar da yarinya 'yar shekara 10 tana kai jakar makarantar ɗan gida mota, ta dawo ta hau wanke-wanke. Asusun UNICEF ya daɗe yana cewa yara fiye da miliyan 10 ne ba sa zuwa makaranta a Najeriya, mafi yawansu a Arewa. Wasunsu a bayan kicin ɗinmu suke kwana.

Da muka isa jami'a a Samaru, wadda Sardauna ya kafa a 1962, sai gatan ya ƙaru. A lokacin man fetur ya karɓi ragamar baitulmali daga hannun gyaɗa da auduga, ƙarin albashin Udoji ya cika gari da rediyo da babura. Ɗalibi na da tikitin abinci, akwai masu wanke masa zanin gado, jiharsa na ba shi alawus. Kafin ya gama yi wa ƙasa hidima aiki na jiransa, da gidan gwamnati, da rancen mota, sabuwar Peugeot daga kamfanin haɗa motoci na Kaduna. A irin wannan yanayi ba wuya matashi ya gaskata cewa ƙwaƙwalwarsa ce kaɗai ta kai shi. Ɗan gata kuwa shi ne na ƙarshen sanin cewa ɗan gata ne.

A farkon shekarun 1980 na sami tallafin ƙaro karatu a Ingila. Naira ɗaya a lokacin ta fi dala ɗaya daraja, kuma ɗan Najeriya ba ya buƙatar biza kafin ya hau jirgin Nigeria Airways daga Kano zuwa Landan; sai bayan 1986 aka ɗora wannan sharaɗi. Gwamnatin Margaret Thatcher ta riga ta ɗora wa ɗaliban waje cikakken kuɗin karatu tun 1980, amma mu ba mu ji nauyinsa ba, gwamnatinmu ke biya. Da na je sallama, kakata ta riƙe hannuna ta ce, "Maigida, tafiya za ka yi ka bar ni da cefane? To ka riƙe salla." Baba kuwa sai da ya rako ni tasha sannan ya yi magana. Ya nuna mini wasu manoma da ke zaune a gindin ɗorawa suna jiran mota, ya ce, "Ka ga waɗancan? Kuɗinsu za ka je ka ci. Ni ba ni da abin kai ka Ingila. In ka dawo, su za ka fara gaisarwa." Na ce, "To, Baba." Sai bayan shekaru maganar ta sauka a zuciyata.

Manchester aka tura ni. Kafin in gama gane hanya hunturu ya shigo, rana na faɗuwa tun ƙarfe 4 na yamma ba ta yi ba, azahar da la'asar da magariba suna bin juna a guje. Ɗakin da na kama yana da mita a bayan ƙofa, sai ka jefa mata tsabar kuɗi wuta take kawowa. Idan kuɗin ya ƙare tsakar dare, hita ta mutu, sanyi ya shiga har ɓargo. Ranar Asabar ka cusa kayanka masu datti a jaka ka nufi shagon injinan wanki, ka zauna a benci tare da tsofaffi da ɗalibai kana kallon rigunanka na juyawa a bayan gilashi. Da yawanmu a nan muka fara sanin cewa farar riga ba ta yin fari da kanta, tuwo ba ya tuƙa kansa, kuma kwanon da ka ci ka ajiye, nan za ka dawo ka tarar da shi.

Sai kuma abin da ya fi sanyi shiga jiki. A gida, kafin ka buɗe baki an san ɗan wane ne kai. Sunan mahaifi, da makarantar da ka yi, da abokan ajinka da ke manyan ofisoshi, duk suna riga ka shiga ɗaki. Wannan kaya ba ya hawa jirgi. A nan takarda za a miƙo maka: suna, ranar haihuwa, adireshi, ka koma layi. Likitan da ake miƙe wa idan ya shigo asibiti a gida, sai ya sake zama jarrabawa kafin a bar shi ya taɓa majiyyaci. Ka buga waya neman ɗaki a ce akwai, ka iso a dubi fuskarka a ce yanzun nan aka kama. Ɗan sarki da ɗan maƙeri, a idon mai gidan haya duk baƙi ne masu wuyar suna.

Daga 1982 kasuwar mai ta faɗi, kuɗin da ake aiko mana ya fara jinkiri. A 1986 aka shigo da tsarin gyaran tattalin arziki na SAP, naira ta karye. Nan fa 'yan gata suka bazama neman aikin dare: wanke-wanke a gidajen abinci, gadin shaguna, sharar ofisoshi. Ni shara na yi. Ciwon baya ya wuce tun tuni, amma akwai abin da bai wuce ba. Mutum zai tsallake tsintsiyarka yana hira da abokinsa, ko kallo ba ka ishe shi ba, balle sannu. Wata rana kuma wani ya tsaya ya tambayi sunanka, gobe ya gaishe ka da shi, sai ka ji ranka ya yi fari har ka koma gida. A waɗannan dararen ne da yawanmu muka fara tuno fuskokin da muka bari a tsakar gidajenmu, muna lalubar sunayensu.

Da na sami sarari sai na shiga neman inda audugarmu ke ƙarewa. Na tarar da manyan gine-ginen jan bulo a Ancoats da Oldham da Bolton, masu dogayen bututun hayaƙi, yawancinsu a rufe. Babban zauren cinikin zare da yadi na tsakiyar birni, Royal Exchange, ya daina ciniki tun 1968, an mayar da shi gidan wasan kwaikwayo, amma allon farashin ranar ƙarshe na nan a sama ba a goge ba. A irin waɗannan zauruka na Manchester da Liverpool aka riƙa yanke farashin duniya na audugar dattijon ƙauyenmu, shi kuwa ko sunansu bai taɓa ji ba.

Maƙwabciyata a lokacin wata tsohuwar Baturiya ce da ta shiga masaƙa tana 'yar shekara 14, kamar yawancin 'yan matan unguwarsu. Ƙarar injina ta kashe mata kunne, sai ta kalli leɓɓanka take gane abin da kake faɗa, da haka suka saba hira a wurin aiki. Ƙurar auduga ta zauna mata a ƙirji, tana tari dare da rana. Da na gaya mata daga garin da ake noma auduga na fito, sai ta kama tafina ta jujjuya ko za ta ga ya yi kanta, ta same shi sumul, ta buɗe mini nata. Ranar na gane cewa zaren nan talaka ne a bakinsa na can, talaka ne a bakinsa na nan. Riba a tsakiya ta tsaya, kuma wani yanki nata, ta hanyar makaranta da tallafin karatu, a kanmu ya sauka.

Babu wanda ya zo da niyyar zama. Magabatanmu sun zo sun koma: Abubakar Tafawa Ɓalewa ya yi karatu a Landan a 1945, Malam Aminu Kano ya biyo baya a 1946, kowannensu ya koma aikin ilimi kafin siyasa ta ɗauke shi. Mu ma haka muka ƙudura. Amma aka ce bari a gama wannan, bari yara su gama firamare, bari naira ta farfaɗo. A can gida kuma abubuwan da za a koma wa suna ta rushewa: an rusa hukumomin sayen amfanin gona a 1986, masaƙar Kaduna ta farko ta rufe a 2002, masaƙar UNTL ta bi ta a 2007, noman auduga ya ja baya. Kowa da uzurinsa, ba na ɗora wa kowa laifi. Amma sakamakon a bayyane yake: likitan da harajin manomi ya koyar yana duba marasa lafiya a Leeds, injiniyan yana gyara hanyoyin Birmingham. Mun zama inuwar giginya, na nesa ka sha.

Zaman nan ya koya mana abubuwan da ya kamata a ce tun a gida muka sani. Mun ga farfesa na ɗaukar jakarsa da kansa, mun ga ana yi wa direban bas godiya idan za a sauka, mun ga lebura da awannin aikinsa da ranar hutunsa da albashin da doka ta hana a biya ƙasa da shi. Matanmu su suka fi kowa ɗanɗana canjin. Wadda a gida idan ta haihu uwa da goggo da maƙwabta za su kewaye ta, a dafa mata ruwan wankan jego, a dama mata kunun kanwa har kwana 40, a nan sai ta dawo daga asibiti ta tarar da ɗaki shiru, miji ya tafi aiki, ga jariri ga girki. Magidanta da yawa a nan suka fara riƙe muciya da rarrashin jinjiri, kuma babu abin da ya ragu a mutuncinsu.

Akwai kuma wani gatan da sai a nan muka san darajarsa. Mun tashi a inda ɗa na kowa ne, inda maƙwabci zai tsawata maka ya kuma kai ka gida a ƙara maka, inda ba a cin abinci baƙo na kallo. A nan mun ga tsoho ya rasu a ɗakinsa sai bayan kwanaki a sani. Mun ga jana'iza na jiran takardu da kuɗin kabari, har muka kafa asusu a masallatai don kada rashi ya hana a kai ɗan'uwa makwancinsa da wuri. A ina muka koyi haka? Wajen mutanen da ba su da komai, waɗanda idan an yi rasuwa a unguwa kowa ke fitowa da diga ko ƙwaryar hatsi ba tare da an kira shi ba. Tarbiyyar da muke alfahari da ita a gaban Turawa, rabinta daga iyayenmu take, rabinta daga waɗannan bayin Allah muka ɗebo ta.

Yau ga 'ya'yanmu da jikokinmu, an haife su da fasfon da ke buɗe musu yawancin iyakokin duniya, asibiti kyauta, makaranta kyauta, ruwa da wuta ba sa yankewa. Mukan yi musu faɗa mu ce ba su san wahala ba. Amma faɗa ba ya nuna wa yaro gatansa, sai an kai shi ya gani, kuma a kai shi cikin ladabi. Idan mun je hutu, kada tafiyar ta ƙare a otal ɗin Abuja da gidajen 'yan'uwa masu janareto. A kai su ƙauye su gaida tsofaffi da Hausar da ta rage a bakinsu, su ja guga a rijiya, su leƙa ajin da yara ke zaune a ƙasa, a gaya musu cewa kakannin waɗannan yaran ne suka biya kuɗin karatun da ya kawo gidanmu Ingila.

Sababbin zuwa ma ina kallonsu da tausayi. Da aka buɗe bizar aikin kula da tsofaffi a 2022, matasa masu digiri suka yi ta zuwa, wasu gona aka sayar aka biya musu, suna yini a tsaye suna yi wa tsofaffi wanka suna canza musu shimfiɗa. A 2024 kuma aka hana masu wannan aiki da yawancin ɗalibai zuwa da iyalansu. Ba su sami sauƙin da muka samu ba. Duk da haka nakan tuna musu cewa tsakanin wanda ya sauka a filin jirgi da fasfo a hannu da wanda ya bi ta Agadas ya ratsa hamada a bayan a-kori-kura akwai tazara, kuma ba ƙoƙari kaɗai ya raba su ba.

Ba a ce ba ma aika komai gida ba. Ƙididdigar Bankin Duniya ta nuna kuɗin da 'yan Najeriya mazauna waje ke aikawa ya kai wajen dala biliyan 20 a shekara. Amma mu tambayi kanmu inda namu kason ke sauka: kuɗin makarantar 'ya'yan ƙanne, lefen ɗan yaya, kujerar Makka ta Hajiya, gida mai doguwar katanga da ba a kwana a ciki sai an je hutu. Duk alheri ne, kuma zumunci wajibi ne. Sai dai yawancinsa a cikin dangin da dama can suke da gata yake zagayawa. Jikan mai jaki da jikar mai raino ba su da lambar wayarmu.

Gata ba zunubi ba ne, kuma ba na kiran kowa ya ji kunyar abin da Allah ya ba shi. Arziki na Allah ne, amma ta hannun mutane yake biyowa, kuma Hausawa sun gama magana da suka ce wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Mun ci. Askin kuwa ba sai mun zama gwamnati ba. Akwai likitocinmu da ke ware wani ɓangare na hutunsu su je su yi aiki kyauta a asibitocin karkara. Akwai tsofaffin ɗalibai da suka gama gyara makarantar da suka yi, suka koma rufa firamaren ƙauyen da ke bayanta. Wanda ba shi da wannan ƙarfi yana da ikon ya ce yarinyar da ke aiki a gidan ƙanwarsa a sa ta makaranta, shi zai biya. Almajirin da ke kai niƙa a san sunansa da na ubansa, a haɗa masa da sana'a ko boko. Mai gadi a biya shi kan lokaci, a ba shi ranar hutu.

Yawancin waɗanda ke bin mu wannan bashi sun riga mu gidan gaskiya, Allah ya gafarta musu, ya sa wahalarsu ta zama kaffara. Amma duk mun san hukuncin bashi: ba ya faɗuwa don mai shi ya rasu, magadansa ake nema a ba. Magadan nan ba ɓoyayyu ba ne. Suna Funtuwa da Bakori da Ɗanja da Ƙanƙara, suna kowane gari da ɗayanmu ya fito. Mu da furfura ta riga ta cika kanmu, lokacin biyan da ya rage mana ba shi da yawa. Don haka a fara tun bana, kowa da ƙauyen da ya sani, kowa da gidan da ya san an yi masa wahala. Allah ya ba mu ikon saukewa.